Kira Uku a Ƙasan Rijiyar Rumawa

A zamanin da ayarin raƙuma ke ratsa sahara zuwa Murzuk, an yi wani mahaƙin rijiya a ƙasar Adar, ana ce masa Arzika. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya dariya sai da dalili, dalilin kuwa bai cika samuwa ba. Rijiya tamanin da 'yan kai ya haƙa, babu wadda ta taɓa rufta wa mutum.

Ɗansa na fari sunansa Ilyasu, abokansa na ce masa Dogo. Shekararsa talatin, yana da mata da 'ya'ya biyu. Shi ke shiga rami, uban yana sama riƙe da igiya. Amma a shekara talatin ɗin nan Arzika bai taɓa buɗe baki ya ce Ilyasu ba. Ɗan fari ne, kunya ta hana. Haka ubansa ya yi masa, haka kakansa ya yi wa ubansa. In yana neman sa sai ya yi gyaran murya. In zai ba da labarinsa sai ya ce "wancan." Hirarsu ta gaskiya a igiya take. In uban ya ja sau ɗaya, cika guga ke nan. In ya ja sau biyu, a huta. In kuwa ya ja uku da sauri, ya tsaya, ya ƙara ɗaya, to bango yana tsagewa, bar komai ka fito.

Wata shekara wani Buzu mai raƙuma, Agali, ya ɗauke su aikin yashe wata tsohuwar rijiya, tafiyar kwana tara arewa da Bilma. Rumawan da ne suka gina ta da sassaƙaƙƙen dutse, kowane dutse da rubutun da babu mai karanta shi. Arzika ya leƙa, ya shaƙi iskar da ke fitowa, ya ɓata rai.

Ya ce, "Buzu, wannan ba warin ruwa ba ne."

Agali ya ce, "To warin me?"

"Warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba."

Duk da haka suka kama aiki. Kwana shida suna fitar da yashi. Ran na bakwai da hantsi, Ilyasu yana zurfin gaba arba'in a ƙasa, sai Arzika ya ji igiya ta yi sako-sako a hannunsa. Ya ja ɗaya, shiru. Ya ja biyu, shiru. Ya jawo ta gaba ɗaya, ta taho babu nauyi. Da ya duba bakinta, ba tsinkewa ta yi ba, ba dutse ne ya ci ta ba. Yanka ne sumul, irin na almakashi.

Agali ya ja baya yana salati. Ya ce, "Arzika, mu rufe ta mu tafi. Wanda ya yi wannan yankan ba mutum ba ne."

Arzika ya ɗaura sabuwar igiya a ƙugu, ya rataya dagi da salkar ruwa, ya cusa kilishi a aljihu. Ya ce, "Ɗaure ɗaya bakin a wuyan raƙuminka. In ka ji ja, kora shi. In ka tafi ka bar mu, ka san akwai gobe kiyama."

Ya sauka.

A ƙasan rijiyar babu ruwa, babu gawa. Fartanyar Ilyasu ce kaɗai a yashe, gefenta kuma wata ƙofa a jikin bango, da matakala tana gangarawa. Arzika ya kwance igiyar, ya yi bisimilla, ya shiga. Ya ƙirga taki har dubu uku, ya gaji ya bar ƙirga. Can sai ga haske, ba na rana ba, ba na wuta ba, wani ja-ja kamar sa'ad da hadari ya haɗu da la'asar. Ya fito wani fili da ba a ganin ƙarshensa, sama kuwa dutse ne.

A bakin filin akwai wata halitta a tsaye. Daga cibiya zuwa kai mutum ne, tsoho mai farin gemu. Daga cibiya zuwa ƙasa doki ne, haƙarƙari duk a waje. Yana riƙe da baka marar tsirkiya.

Arzika ya tsaya, ya ce, "Salamu alaikum, in kana cikin masu amsawa."

Halittar ta ce, "Ya kai ɗan Adam, an yi shekara dubu ban ji an gaishe ni ba. Yunanawa suna kiran irinmu Kentaur. Jarumawansu a hannunmu suka koyi harbi. Me ya kawo ka ƙasar da masu rai ba sa zuwa da ƙafarsu?"

"Nawa aka ɗauke. Dogo ne baƙi, da guntuwar igiya a ƙugunsa."

"Ya wuce nan. Masu ɗaukar ma'aikata sun tafi da shi birni."

"Wane birni? Na wa?"

"Na waɗanda Yunanawa da Rumawa suka bauta wa. Da aka daina yi musu yanka, aka daina kiran sunayensu, sai suka sauko daga dutsensu suka shige nan."

Arzika ya ce, "Aljanu ke nan."

Kentaur ya buga kofato. "Da a da ne ka faɗi haka, da tsawa ta raba ka biyu."

"To yanzu fa?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Yanzu mai tsawar ba ya iya ɗaga hannunsa."

Arzika ya dubi bakan. Ya zauna, ya warware zare daga igiyar salkarsa, ya tufka tsirkiya a cinyarsa, ya ɗaura masa. Kentaur ya ja ta, ta yi ƙara, sai hawaye. Ya ce, "Ya kai mai hannu, ga sakayyarka. Bi busasshen teku, ka wuce masu kaɗi, ka wuce kare. Duk ƙishin da ka ji, kada ka sha ruwan ƙasar nan. Kogin Mantuwa ne ya ratsa ta. Shi ake ba ma'aikata su sha, su manta gida."

Arzika ya ce, "Na gode. Amma kafin in tafi, ciyawa kake ci ko tuwo?"

"Babu ko ɗaya a nan."

Arzika ya yago masa kilishi, ya wuce.

Ya shiga busasshen teku. Gishiri yana ƙara a ƙarƙashin ƙafarsa. Ko'ina ƙasusuwan jiragen ruwa ne, manya kamar zaurukan sarakuna, da ƙoƙunan kan matuƙa a jere a kan benci, hannayensu har yanzu a kan filafilai. A tsakiyar tekun akwai wani tsauni, a kansa wasu tsuntsaye manya sun fi jimina, fuskokinsu na mata. Da suka hango shi suka fara waƙa. Waƙar ta shiga ƙirjinsa kamar ruwan randa a tsakar bazara. Sai muryoyin suka haɗu suka zama murya ɗaya, muryar matarsa Gwamma, wadda ya bari a Adar.

"Arzika, Arzika, ka sha wuya. Hawo ka zauna, na dama maka fura. Yaron yana nan wurina. Arzika, hawo."

Ya juya ya nufi tsaunin. Taki goma, taki ashirin. Ƙafarsa ta taka ƙashin wani, ya karye. Sai ya tsaya cak.

Ya ce, "Ke ƙarya kike! Shekara talatin da biyu muna tare, Gwamma ba ta taɓa kama sunana ba, ko a faɗa. 'Yar mutunci ce. Ku ne dai ba ku san kunya ba, tsinannun kaji!"

Waƙar ta yanke. Tsuntsayen suka buɗe baki, haƙora jere uku, suka taso. Arzika ya shige cikin haƙarƙarin wani jirgi, ya yi ta rarrafe daga wannan zuwa wancan suna yagar katako a kansa, har ya kai gaci da bayansa duk jini. Ya zauna yana haki. A ransa ya ce, ka ga amfanin tarbiyya. Da mu ma muna jefa sunaye a bakin kowa, da yau na zama abincin tsuntsu.

Gaba kaɗan ya iske wani kogo, tsofaffi uku mata a zaune a bakinsa. Ɗaya tana kaɗi da mazari, ɗaya tana awon zare da kamu, ɗaya tana riƙe da almakashi baƙi. Bayansu zare ne rataye, ya fi gashin kan mutanen duniya yawa.

Arzika ya durƙusa, ya ce, "Sannunku da aiki, iyayena."

Mai kaɗi ta ce, "Ni nake fara ran kowa."

Mai awo ta ce, "Ni nake faɗin tsawonsa."

Mai almakashi kuwa sai ta buɗe shi ta rufe.

Arzika ya ce, "Rai dai na Allah ne, ku yi ta zarenku. Amma ke, Iya, na gane aikinki. Ke kika yanke mini igiya. Igiyar rama ce, wata guda ina tufkar ta."

Mai almakashi ta ce, "Sarauniya ta umarta. Kogin Mantuwa yana tasowa, yana neman cinye birni. Tana buƙatar mahaƙa su yi masa hanya."

"To kin yanke nasa zaren?"

Mai awo ta lalubo wani zare ta miƙo masa. Rinin shuni ne mai kyau, amma ya jiƙe, rinin yana zuba ɗis, ɗis, rabinsa ya riga ya yi fari.

Ta ce, "Bai yanke ba. Wankewa yake yi. In ya yi fari duka, ba ɗanka ba ne, ba ɗan kowa ba ne. Hannu ne kawai da fartanya."

"Saura yaushe?"

"Kafin in auna kamu dubu. Na kuwa iya aikina."

Arzika ya miƙe. Mai kaɗi ta kama gefen rigarsa, ta ce, "Ɗan nan, ka gaishe mu da ladabi, to riƙe wannan. Abin da ke kai ruwan yana wanke shi. Abin da ya shige ƙashi shi ke saura."

Bai gane ba, bai kuma tsaya tambaya ba.

A ƙofar birni ga kare kwance, girmansa ya kai giwa, kai uku a wuya ɗaya, macizai a madadin gashin wuyansa. Ya miƙe, ƙasa ta girgiza. Arzika ya fito da kilishin da ya rage. Bai raba uku ba. Ya dunƙule shi guda ya jefa wa kan tsakiya. Na dama da na hagu suka far wa ɗan'uwansu da cizo, shi kuwa ya bi ta tsakanin ƙafafunsu ya shige.

Birnin duk farin dutse ne, ginshiƙai masu tsawon giginya, amma baƙin ruwa ya malale tituna, sai an bi ta kan katanga. Ya isa wani babban zaure marar rufi. Ciki kuwa kujeru ne manya a jere, da masu su a kai, kowa daga ƙugu zuwa ƙasa ya zama dutse. Ga wani mai gemu har ciki, da sandar tsawa a cinyarsa ta yi tsatsa. Ga wani da mashi mai baki uku, wai shi ne sarkin teku, leɓɓansa sun tsattsage don ƙishi. Ga wata mace da hular ƙarfe da garkuwa, mujiyarta ta mutu a kafaɗarta ta bushe. Ga wani gurgu, guduma a hannu, maƙerarsa ta yi sanyi. Shi kaɗai Arzika ya tausaya wa, don ya san yadda mai sana'a ke ji in hannu ya daina. Idanunsu duka suka bi shi. Leɓɓansu suna motsi. Da ya kasa kunne sai ya ji kowa sunan kansa yake ta nanatawa, don kada ya manta.

A ƙarshen zauren wata mace ce a tsaye cikin baƙaƙen kaya, ita kaɗai ba ta fara zama dutse ba. Tana riƙe da busasshen rumman.

Ta ce, "Ya kai mahaƙi, ni ce Sarauniyar Ƙarƙashin Ƙasa. Na san abin da ya kawo ka. Akwai hanya mai sauƙi. Zan gaya maka sunana. Ka koma sama, ka yanka baƙar tunkiya, ka kira ni sau ɗaya. Sau ɗaya tak. Yau ɗin nan ka tafi da ɗanka."

Arzika ya ce, "Ranki ya daɗe, ni ba malami ba ne, ko izu biyu ban kai ba. Amma na san wanda ake yi wa yanka, kuma ba ke ba ce. Faɗi mai wuyar."

Zauren ya yi wani irin gurnani. Ruwa ya motsa. Sarauniya ta matse rumman har ya fashe ya zama gari.

Ta ce, "To biyo ni."

Ta kai shi bayan birni. Nan ya ga Kogin Mantuwa, baƙi ƙirin, ba ya ƙara, ba ya kumfa, yana tafiya kamar mai. A gefensa mutane sun fi dubu suna haƙa wani dogon rami. Akwai farare, akwai baƙaƙe, akwai masu tufafin da Arzika bai taɓa gani ba. Babu mai magana, babu mai waƙar aiki, babu mai ɗaga kai. Can ya hango Ilyasu, tsakaninsu bai fi taki talatin ba, ya juya baya yana saran ƙasa.

Sarauniya ta ce, "Ga sharaɗi, na kuma rantse da baƙin ruwan da ko mai tsawa ba ya karya rantsuwarsa. Kira uku gare ka. Ba za ka taɓa jikinsa ba, ba za ka sha gabansa ba. In ya juyo, naka ne. In bai juyo ba, za ka sha tafi ɗaya na kogin nan, ruwan kuma zai tafi da abin da ka kira shi da shi, har abada. In na uku ya faɗi, za ka sha har ka ƙoshi, ka ɗauki fartanya kusa da shi."

Arzika ya ce, "Na yarda."

Ya cika ƙirji da iska. Sunan ya taso har maƙogwaro. Sai ya ga mace a tsaye tana kallon bakinsa, ga jama'a dubu. Wuyansa ya yi zafi. Wai shi Arzika, da furfurarsa, ya tsaya a bainar jama'a yana ƙwala sunan ɗan fari? Ya ce a ransa, ai laƙabin ma ya isa.

Ya ƙwala, "Dogo!"

Ilyasu ya ɗaga fartanya, ya sara. Ya ɗaga, ya sara.

Sarauniya ta ce, "Wannan sunansa ne?"

"Haka abokansa ke ce masa."

"Kai abokinsa ne? Sha."

Arzika ya durƙusa ya kamfata. Ruwan ba shi da ɗanɗano, sanyi ne kawai. Ya haɗiye. Ya ji kamar an zare wani abu daga bayan harshensa. Ya nemi kalmar da ya faɗa yanzun nan, babu ita, sai gurbi kamar na haƙorin da aka cire.

Tsoro ya kama shi a karo na farko tun da ya sauko. Ya miƙe, ya rufe ido. Ya ce, Allah ka gani, Baba ka yafe mini. Ya buɗe baki, da muryar da bai san yana da ita ba.

"Ilyasu!"

Sunan ya bugi saman dutse ya dawo. Ilyasu ya tsaya da fartanya a sama. Ya ɗan karkata kai kamar wanda ya ji ƙuda ya wuce. Sannan ya sara ƙasa.

Sarauniya da kanta ta yi mamaki. Ta ce, "Uwaye sun zo nan, mazaje sun zo, duk wanda ya kawo sunan gaskiya ya juyo da nasa. Ruwan ba ya iya wanke suna a bakin wanda aka saba ji daga gare shi. Ya kai mahaƙi, sau nawa ka taɓa kiran sa da shi?"

"Ban taɓa ba."

"Ko ranar da aka haife shi?"

"Liman ne ya raɗa masa. Ni ina waje."

"Me ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba. Duk duniya babu wanda na fi..." Ya ce, "Ɗan fari ne. Haka ake yi a wurinmu."

Sarauniya ta ce, "Ka ga waɗancan na zaure? Tsawa da teku da yaƙi duk sun riƙe, yau suna zama dutse saboda babu bakin da ke kiran su. Ni da za a kira ni sau ɗaya, da na ba da rabin ƙasar nan. Kai kana da wanda za ka kira, yana gabanka safe da yamma, ka kulle baki shekara talatin. Bai san sunansa da muryarka ba. Sha."

Arzika ya ce, "Ranki ya daɗe, ki ɗauki hannu. Ki ɗauki ido ɗaya."

"Rantsuwa ce. Sha."

Ya durƙusa. Ya riƙe ruwan a tafi yana maimaita sunan a zuci, da sauri, da sauri, kamar mai tasbihi. Ya haɗiye. Ya ci gaba da maimaitawa, sai ya ji leɓɓansa ne kawai ke motsi, babu komai a kansu.

Saura ɗaya.

Ya yi tunanin gyaran murya, amma wa zai ji gyaran murya a cikin sarar fartanya dubu? Ya yi tunanin ya ce "kai," amma kai ɗin nan ko jaki ana ce masa. Ya dubi bayan ɗansa, gashin kansa har ya fara yin toka-toka. Sai idonsa ya sauka kan ƙugun. Ƙullin nan yana nan, wanda shi da kansa ya ɗaura masa da hantsi. Guntuwar igiyar ta ja a ƙasa, kamu goma sha biyar, bakinta na kwance cikin laka. Maganar tsohuwa mai kaɗi ta faɗo masa.

Ya ce, "Na uku da igiya zan yi. Ba zan taɓa jikinsa ba."

Sarauniya ta yi dariya marar daɗi. "Masu garaya sun kira a nan har duwatsu suka yi kuka. Kai da igiya? Ja mana. Fartanyarka tana jira."

Arzika ya taka ya ɗauki bakin igiyar. Ya naɗe ta a hannu yadda ya saba, ya kafa ƙafa, ya jawo a hankali har ta miƙe. Sannan ya ja uku da sauri. Ya tsaya. Ya ƙara ɗaya.

Fartanya ta faɗi. Tun kafin ta taɓa ƙasa hannayen Ilyasu biyu sun cafke igiya. Ya juyo, ya taho hannu bisa hannu kamar mai hawa bango, idonsa a rufe, har ya yi karo da ƙirjin ubansa. Ya buɗe ido.

Ya ce, "Baba, ta ina ya tsage?"

Arzika ya riƙe ƙullin ƙugun da hannu biyu.

Sarauniya ta juya musu baya. Ta ce, "Ku tafi kafin in tsani rantsuwata. Ruwan da ka sha kuwa, ya shawu."

Suka kama hanya da gudu. Kare yana lasar raunukansa, bai kula su ba. Mai awo ta ɗaga wani zare, rabi shuni rabi fari, ta mayar da shi cikin 'yan'uwansa. A busasshen teku tsuntsayen suka taso, sai ga kibiya daga nesa ta tsire ta gaba, sauran suka watse. Kentaur ne, tsirkiyar ta yi aiki. Suka hau matakala, baƙin ruwa yana bin su a baya, taki bayan taki, ba ya sauri, ba ya tsayawa. A ƙasan rijiya igiyar na nan. Arzika ya ɗaure su biyu, ya ja. Buzu bai gudu ba. Raƙumi ya fito da su cikin ranar azahar mai ƙuna.

Kwana huɗu suka yi suna mayar da yashin da suka fitar, suka ɗora duwatsu, suka binne bakin har babu alama. Agali bai yi gardama ba, don ya leƙa ya ga abin da ke tasowa.

A hanyar gida, suna tafe bayan raƙuma, Ilyasu ya ce, "Baba, a can ƙasa kamar na ji wani ya kira sunana. Da ƙarfi. Muryar dai ban san ta ba. Ko ka ga mai kiran?"

Arzika ya ce, "Wane suna?"

Ilyasu ya yi dariya, ya ɗauka kunyar nan ce ta kullum. Ya faɗi sunan. Arzika ya ga bakinsa ya motsa, amma abin da ya shiga kunnensa ƙarar ruwa ce, irin ta guga in ya faɗa rijiya mai zurfi.

Ya ce, "Sake faɗa."

Ya sake. Ruwa.

Da suka isa Adar, ya sa Gwamma ta faɗa masa. Ita ma ba ta taɓa kama sunan ba, sai da ta rufe fuska da zane. Ruwa. Ya je wurin liman aka rubuta masa a allo, ya ga tawada tana gangarewa. Aka wanke aka ba shi ya sha, sunan bai zauna ba.

Arzika ya ƙara shekara goma sha tara a duniya. Mutanen garin suna nuna shi ga 'ya'yansu, suna cewa ku dubi dattijon arziki, har ya tsufa bai taɓa kama sunan ɗan fari ba, yanzu ina ake samun irinsu. Shi kuwa in ya ji sai ya tashi ya bar wurin. Jikokinsa kuma ya dame su da kira. Kowanne sai ya kama sunansa cikakke, da safe, da rana, a kasuwa, a gaban baƙi, har na ɗan fari a cikinsu, har uban yaron yana jin nauyi.

Da ƙafa ta ƙi, ya sa aka ja igiya daga gadonsa zuwa ɗakin Ilyasu, ta bi ta kan danga. Ran da zai cika, da hantsi, igiyar ta motsa. Uku da sauri, ta tsaya, ta ƙara ɗaya. Ilyasu ya taho a guje, ya durƙusa. Tsohon ya kama wuyan rigarsa, ya dube shi, ya buɗe baki. Leɓɓansa suka yi ta nema, suka yi ta nema.

Ilyasu ya ce, "Na'am, Baba. Na ji."

Igiyar tana hannunsa aka rufe masa ido.